Ɗan Tallafi

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da zauren gidanmu a Kwarbai, bangon ƙasa, da 'yar taga can sama da aka bari don iska. Ta wannan tagar nake sanin halin da gida yake ciki. In keken ɗinki yana gudu tun hantsi har azahar bai tsaya ba, na san akwai cefane. In yana yi yana hutawa, sai in ce wa matar gidan ta rage mai a miya. A shekarar da kuɗi ya lalace kuwa, shekarar da abin da ka taya da safe kafin la'asar ya fi ƙarfinka, keken ya yi shiru ɗungurungum. Surutun maza ne ya maye gurbinsa.

Mai keken ɗana ne, amma ba ni na haife shi ba. Allah bai ba ni haihuwa ba, ko ɓari ban taɓa yi ba. Ɗan fari ne ga ƙanena, uwarsa kuma mai tsananin kunya ce irin ta mutanen da, ko kallonsa ba ta yi a gaban jama'a, balle ta ambaci sunansa. Ranar da aka yaye shi aka goyo shi daga gidansu na wajen Kufena aka sauke mini shi a cinya. A nan birni tallafi muke ce wa irin wannan riƙo. Yaran yanzu a rediyo suka san kalmar, suna zaton gwamnati ce ta ƙirƙiro ta.

Ya yi kukan nono har muryarsa ta dushe. Abin da ya fara karɓa daga hannuna kunun gyaɗa ne da ɗan tsamiya, kuma tun daga ranar kunun ya zama ƙa'ida. Ya girma, marigayi mijina ya koya masa ɗinki, ya ba shi keken kyauta tun yana da rai a gaban shaidu, don ya san ɗan tallafi ba ya gadon wanda ya riƙe shi. Ya yi aure, matarsa ta karɓi tukunya da murhu, na sakar mata komai ban da kunun safe. Wannan nawa ne. Ina idar da lazimi nake damawa, in zuba a kwanon shan da ya sani, a kai masa zaure kafin ya ɗora ƙafa a kan keke.

Ni ban yi boko ba, ban kuma san yadda naira take faɗuwa ba, tunda ba a bisa bishiya take ba. Abin da na gani dai shi ne mutane sun daina ɗinki. Wanda a da yake kawo shadda kafin azumi, sai ya kawo tsohuwar riga a juya mata wuya. Daga baya ko juyin wuyan ma ya ɗauke. Zare ya yi tsada, allura ta yi tsada, man keke ya yi tsada. Ina lura da matar ɗana tana auna gero, tana kai gwangwani bakin tukunya sannan ta mayar da kaɗan cikin buhu in ta ga ba mai kallo. Ina kallo. Abin da ya kamata take yi.

Ana cikin haka rediyo ya fara maganar tallafi. An ce gwamnati za ta ba teloli aikin ɗinka wa yaran firamare kayan makaranta, ita za ta kawo yadi, ta ba da wani abu a gaba na zare da gyaran keke, sauran kuma in an kai kaya. Wani mai bayani ya ce ba don yaran kaɗai ba ne, don kuɗi ya motsa ne, tela ya samu ya kai wa mai gero, mai gero ya kai wa mai nama. Wannan na gane shi sarai. Unguwarmu ta tsaya cik, kowa yana jiran wani ya fara saye.

To amma ɗana ɗan adawa ne. Tun yana saurayi yake bayan jam'iyyar da ba ta kan mulki, hoton ɗan takararsu yana manne a bangon zaure har rana ta cinye masa fuska. Da ɗinki ya ɗauke, zauren ya koma majalisa. Kullum bayan la'asar shugaban jam'iyyarsu na unguwa yake zuwa, wani Alhaji mai shagon siminti, a shimfiɗa masa buzu, teloli da masu aikin hula su kewaye shi.

"Ku saurare ni da kyau," in ji Alhajin wata la'asar. "Kuɗin nan ba nasu ba ne. Bashi suka ciyo daga waje, jikokinku ne za su biya. Sun ɗauke babban tallafi na man fetur, yanzu sun dawo da ɗan ƙarami suna so ku yi musu godiya. Kuma kowa ya san zaɓe ya matso. Za su tsayar da ku a layi, su ɗora muku yadi a ka, su ɗauki hoto."

Akwai wani tsoho mai aikin babbar riga da hannu, idonsa ya fara rauni amma bakinsa bai yi ba. Shi ne ya ce, "To Alhaji, in mun ƙi nasu, jam'iyya za ta ba mu ɗinki?"

"In mun hau."

"Allah ya hawar da ku. Kafin ku hau ɗin fa, siminti za mu dama?"

Aka yi dariya, har Alhajin. Sai dai da dariyar ta lafa ya ce duk wanda ya je ya ba da sunansa, to ya san ya fita daga cikinsu, kada ya ƙara zama a wannan majalisa.

Ni maganar bashi ban raina ta ba. Na ga masu mulki iri-iri tun ina budurwa, ban ga wanda ya ba da abu ya manta ya bayar ba. Da a ce iyakar abin ke nan, ɗana ya ƙi aiki ya zauna a zaure yana kore ƙuda, da na ja bakina na yi shiru. Mace ba ta aika murya zaure.

Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Na ga ya wanke keken tsaf, ya zuba masa mai, ya goge ƙarfen ƙafar har yana ƙyalli, ya lulluɓe shi da sabon zane. Mutum ba ya yi wa keken da ba shi da aiki irin wannan kwalliya sai in baƙo zai zo kallonsa. Sannan na ga takalmin roba mai tsawo a bayan randa, da tocila irin wadda ake ɗaurawa a goshi. Na kira matarsa ɗaki.

"Ke 'yar nan, takalmin waye a bayan randa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Ba ke na tambaya ba?"

"Nasa ne, Inna. Ya ce kada in faɗa miki sai ya gama shiri." Sai hawaye. "Keken zai sayar. Akwai masu tafiya haƙar zinare dajin yamma ƙarshen wata, da su zai tafi."

Na san wannan dajin a bakin mata. Ɗan maƙwabciyarmu ya tafi can shekarun baya, har yau uwarsa ba ta san ko ta yi zaman makoki ko ta ci gaba da jira ba. Rami yana ruftawa, masu bindiga suna kewaye. Ɗana kuwa tela ne, tafin hannunsa ya fi nawa laushi, ko fartanya bai taɓa yi wa riƙon kirki ba. Na sallami matarsa na ce ta wanke fuska kada yara su gani.

Na yi ta juya yadda zan ɓullo masa. In na hana shi kai tsaye zai ce to, ya durƙusa, sannan wata safiya in tashi in tarar ba ya nan. Na san halinsa, ni na raine shi. Ashe shi da kansa zai miƙo mini abin da zan kama.

La'asar ce, majalisa ta cika. Tsohon nan mai aikin hannu ya ce shi dai zai je ya ba da sunansa, ko maɓalli ne a ba shi ya ɗinka, Alhaji ya yi haƙuri. Aka hau shi da tsiya, wani ya ce tsufa ya sa shi kwaɗayi. Sai na ji muryar ɗana ta hau saman ta kowa.

"Ni ko yunwa za ta kashe ni ba na cin tallafi. Duk wanda ya ci tallafi ya zama na wanda ya ba shi. Ɗan tallafi ba shi da uba sai mai ciyar da shi, kuma ba shi da baki a gabansa har abada."

Suka ce haka ne, haka ne. Babu wanda ya tuna a zauren, har shi mai maganar. Ni kuwa ina zaune a bakin gado da carbi a hannu, na rasa inda na tsaya a ƙirga.

Washegari na dama kunu kamar kullum. Na sha nawa, na raba wa jikoki sauran, na wanke kwanonsa na kife shi a kan faifai. Can sai ga matarsa ta leƙo.

"Inna, wai ya ce ko jikin ne?"

"Ce masa lafiyata ƙalau."

Ta tsaya tana kallon kwanon a kife. Na ce akwai wata magana ne? Ta ce babu, ta fita.

Haka muka yi kwanaki. Yana shigowa gaisuwa da safe, in amsa masa cikakkiyar amsa, in tambaye shi kwanan iyali. Idonsa ya kai kan kwanon, ya ɗauke. Girman kai ya hana shi tambaya, ni kuma ban ga dalilin da zan taimake shi ba. Matarsa ta gwada dama masa nata, na ji shi ta taga yana cewa ta bar shi kawai, ba ya jin yunwa. Ƙarshen wata kuma yana matsowa.

Ran nan dai bayan ya gaishe ni bai tashi ba. Ya gyara durƙuso a bakin ƙofa.

"Inna, na yi wani laifi ne?"

"Wane irin laifi?"

"Na ga kunu ya ɗauke."

"Au, kunu. Ai taimakonka na yi. Na ji ka ce ko yunwa za ta kashe ka ba ka cin tallafi. Kunun nan kuwa tun ranar farko na tallafi ne, ban so in sa ka karya rantsuwa."

Na ga maganar ta sauka a kansa a hankali, kunnuwansa suka yi wani iri kamar lokacin da yake yaro in an kama shi da hannu a tukunyar miya.

"Haba Inna. Ai ba wannan nake nufi ba. Maganar siyasa ce."

"Ni kalma ɗaya na sani. Ka ce ɗan tallafi ba shi da uba. Sunan wa kake amsawa a takardunka, na mijina ko na ƙanena?"

"Na Baba, ƙanenki."

"Da ya rasu, gonar bayan Kufena, an cire ka daga rabo don ka sha kununa?"

"A'a."

"Ran Sallah gidan wa kake fara zuwa daga idi?"

"Gidanmu na Kufena."

"Ka kuma ce ba shi da baki. Kai ne ba ka da baki? Tun kana tsayin turmi kake musu da ni. Na ce ka auri 'yar ƙawata, ka ce wannan kake so. Na ce jam'iyyar nan taku ba ta cin zaɓe, ka manna mini hotonta a zaure. In tallafi yana sayen mutum, ni an cuce ni, ban ga abin da na saya ba."

Ya so ya yi dariya, ya danne. Sai ya ɗago, ya kira ni da sunan da yake kirana in ransa ya ɓaci.

"Gwaggo, ke don Allah kika yi. Su don ƙuri'a suke yi. Gwamnati ba uwa ba ce."

"Ba uwa ba ce, ban ce uwa ce ba. Amma wa ya gaya maka don Allah kaɗai na yi? Na yi don Allah, na kuma yi don kaina. Ina so in tsufa da motsin mutum a zaure. Ina so ranar da za a fita da ni a sami wanda zai kama makara ta gaba. Duk mai bayarwa akwai abin da yake so. Kai ne za ka duba abin da za ka ba shi da abin da za ka hana. Su aikin hannunka za ka ba su, riga da wando. Ƙuri'arka tana aljihunka, ba wanda zai bi ka bayan labule."

"Alhaji zai ce na sayar da kaina."

"Alhaji zai bi ka cikin rami?"

Nan ya gane na san zancen takalmin. Ya waiga wajen ɗakin matarsa.

"Kada ka kalli can," na ce. "Idona ne ya gani. Ka ga, duk abin da na nema a wajenka ka hana ni, na haƙura. Wannan guda ɗaya na makara shi ne ban haƙura ba."

Ya miƙe ya ce a tashi lafiya, alhali hantsi ne. Ya fita. Ranar bai ci abincin rana a gida ba, majalisa ma ba ta zauna ba. Na ce a raina ko na ja igiyar da yawa ta tsinke.

Bayan kwana biyu mai sayen keken ya zo, wani mutumin Tudun Wada. Ina jin sallamarsa na ajiye tsintsiya na koma ɗaki na zauna ƙarƙashin taga. Na ji an yaye zanen. Na ji mutumin yana buga ƙarfe da yatsa, yana cewa tsohon yayi ne, kan ya ci aiki, bel ɗin ma sai an sake. Sannan ya zauna ya ɗora ƙafa.

Shekarun da na yi ina sauraron keken nan, ƙafa biyu kawai na sani a kansa, ta mijina da ta ɗana, kuma kusan iri ɗaya ce, a hankali take farawa sannan ta miƙe. Wannan baƙuwar ƙafa kuwa fizga take yi, ta tsaya, ta sake fizga. Keken yana ƙara kamar ana shaƙe shi. Na runtse ido.

"Malam, ɗan tashi," na ji ɗana ya ce. "Ba haka ake taka shi ba. Za ka karya allura."

Kujera ta motsa. Sai ƙafar da na sani ta hau. Ta fara a hankali, ta miƙe, ta yi ta tafiya. Ban san ƙyallen da ya samu yake bi ba, amma ya daɗe, ya wuce abin da ake yi don nuna wa mai saye. Mutumin ya yi gyaran murya ya ce to nawa za a bari.

"Ka yi haƙuri, na wahalar da kai. Na fasa."

"Ka fasa kamar yaya? Na biya kuɗin mota tun daga Tudun Wada."

"Zan biya maka na komawa."

Mutumin ya fita yana mita, yana cewa mutanen cikin birni ba su da magana ɗaya. Na tashi na jiƙa tsamiya, ko da yake ba safiya ba ce.

Ɗana da tsohon nan suka tafi ba da suna. Da ranar karɓar yadi ta zo, ɗana ya fito da hular jam'iyyarsu, mai alamar a goshi, ya kafa ta a ka. Matarsa ta ce ya rufa mana asiri ya sauya. Ya ce in hoto suke so, su ɗauka da ita. Tsohon ya ba ni labari daga baya cewa mai ɗaukar hoton ya duba hular, ya duba yadin, ya ce na baya ya matso. Yadin dai an ba ɗana.

Ɗauri-ɗauri aka shigo da shi, shuɗi da fari, har zauren ya rasa wurin shimfiɗa buzu. Keke ya koma gudu tun hantsi. Tsohon yana gefe yana sa maɓalli da laluben yatsa, matar ɗana tana guga a tsakar gida. Mai gero ya ga fuskarmu, mai nama ma ya gani jefi-jefi. Ba wadata aka yi ba, tsadar tana nan inda take. Gwangwanin awo ne dai ya daina komawa buhu.

Alhaji ya ɗauke ƙafa, wasu a unguwa suka riƙa kiran ɗana telan gwamnati. Ya ji zafin wannan, na gani a cin abincinsa. Sai da aka kwana biyu sosai Alhajin ya dawo, da wando a leda wai a rage masa tsawo. Na ji shi yana cewa, "Ni fa ban sauya ra'ayi ba, bashi ne."

"Ni ma ban sauya ba, Alhaji. Ɗaga hannu in auna."

"Wando ne, me ya kai ka hannu?"

"Na saba da na 'yan makaranta."

Cikon kuɗin aikin ya yi jinkiri ƙwarai bayan an kai kaya. Ɗana ya shigo ɗakina fuskarsa har walƙiya take don daɗi, ya ce, "Kin gani ko, Inna? Na faɗa miki halinsu." Na ce na gani. Da aka biya bai zo ya ba ni labari ba, a miya na gane. Da zaɓe ya zo kuma shi ne a gaba wajen yawon neman a kayar da masu mulki, da sabon hoto a bangon zaure.

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin Alhaji da mai bayanin rediyo ba. Mai yiwuwa bashin yana nan yana jiran jikokina. In ya zo, zai tarar da su da ubansu a gida. Takalmin robar yana bayan randa, matarsa ce ke sawa in ruwan sama ya cika tsakar gida.

Da safe ina ganin yaran unguwa suna wucewa ta ƙofar gida cikin shuɗi da fari. Nakan tsayar da ɗaya in juya shi in duba ɗinkin. Akwai wata 'yar maƙwabta da aljihun rigarta ya karkace, na aika ta zaure na ce ta gaya wa telan in ji ni ya warware ya sake. Ya aiko ta da amsa wai a gaya wa Inna kunun yau tsamiya ta yi yawa.